Ɗan Kwangila da Ciwon Ajali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aiki, Bashi da Dukiya

Wannan shafi na ɗan kwangilar da ke riƙe da harkarsa shi kaɗai ne, a Gombe ko kewayenta, wanda likita ya gaya masa cewa ciwonsa ba na warkewa ba ne. Rai na hannun Allah, babu likitan da ya san rana. Amma harkar kwangila ta rataya ne a kan abu biyu, sa hannun mai ita da abin da ke cikin kansa, kuma duka biyun suna iya gagara tun kafin ajali ya zo. Amsoshin nan sun tsaya ne kan yadda za a sauke su a takarda, gaban shaidu.

Likita ya gaya mini. Da me zan fara?

Da littafi mai kauri da biro. Ka raba shi gida huɗu: aikin da ke hannunka, waɗanda ke bin ka, waɗanda kake bi, sai kadara da amanar mutane. Kowane layi ya ɗauki suna, lambar waya, adadin kuɗi, kwanan wata, da inda takardar shaida take. Wanda babu takarda a tsakaninku, ka rubuta sunan wanda aka yi maganar a gabansa.

Ka tambayi likitanka a fili: zuwa yaushe yake ganin za ka iya zama ka karanta takarda ka sa hannu? Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna kawo barci da nauyin kai, wasu cututtukan hanta da ƙoda kuma suna rikita tunani idan sun yi nisa. Don haka duk abin da ke buƙatar sa hannunka, na banki, na CAC (hukumar rajistar kamfanoni), na fili, shi za a gabatar a makonnin farko, da safe lokacin da kai ke sarari. Lissafin shebur da baro zai iya jira.

Kafin ka biya kowa, ka ware kuɗin magani da na cefanen gida na wasu watanni a asusu dabam. Shari'a ba ta hana majinyaci ci da sutura da magani daga dukiyarsa ba.

Wannan shirin ba yanke ƙauna ba ne?

A'a. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba, kuma da masu lafiya ake maganar. Idan Allah ya ba da sauƙi, ka samu littafin da da ma ya kamata a ce kana da shi.

Wa zan gaya wa, kuma yaushe?

Iyali tukuna, sai mutum ɗaya da ka yarda da amanarsa wanda ya san ƙamshin siminti, sai lauya da malamin da ya ƙware a gado. Bayan su mai aiki, wato wanda ya ba ka kwangilar. Ma'aikata da dilolin kaya su zo bayan ka san nawa ke hannunka, kuma su ji daga bakinka. Dilan rodi da ya ji labari a majalisa yana iya turo mota ta kwashe kayansa daga wurin aiki washegari, wanda ka kira ka ba shi rana kuwa galibi yakan jira. Ba dole ba ne ka faɗi sunan ciwon. "Rashin lafiya ya sa zan miƙa aiki, ga wanda zai ci gaba" ya isa.

Ina da aikin da ban gama ba. Yaya zan yi da shi?

Mutuwa ba ta goge yarjejeniya. Abin da ka karɓi kuɗinsa ba ka yi ba, kan dukiyar da ka bari zai koma.

Hanyoyi uku ne. Idan aikin ya kai fenti da tayil, mako biyu ko uku a gama, a ƙarasa shi a miƙa. Idan da saura sosai, a miƙa wa wani ɗan kwangila. Idan mai aiki bai yarda da kowa ba, a rabu lafiya: a auna abin da aka yi, a biya bambanci, a sa hannu cewa babu mai bin wani.

A miƙawa ne ake yawan tafka kuskure. Ka ce wa abokinka "je ka ƙarasa, in an biya ka ɗauki naka", ba tare da sanin mai aiki ba. A takarda har yanzu kai ne ɗan kwangila. Idan rufin ya yi yoyo kai za a nema, idan an biya kuɗi asusunka za su shiga, asusun da za a rufe ranar da banki ya ji rasuwa. Abokin ya zuba kuɗinsa, magada sun ce ba su san zancen ba, sai kotu. Yawancin takardun kwangila sun hana miƙa aiki sai da rubutaccen izinin mai aiki. Abin da ya dace shi ne takarda ɗaya mai sa hannun mutum uku, kai da mai aiki da sabon ɗan kwangila, wadda ta faɗi ranar da nauyi ya tashi daga kanka, da asusun da za a riƙa biya daga ranar.

Kowace hanya ka ɗauka, awo ne farko. A kira mai ƙididdigar kayan gini, kwantiti sabeya, ya auna aikin a gaban wakilin mai aiki, a ɗauki hotuna masu kwanan wata, a ƙirga abin da ke ƙasa: buhun siminti nawa, rodi nawa na kowane kauri, bandir nawa na kwano, tifa nawa ta yashi da tsakuwa.

Misali, kwangilar naira miliyan 40. Awo ya nuna an yi aikin miliyan 24. Duk abin da ka karɓa, har da kafin alƙalami, miliyan 19 ne. Ana riƙe kashi 5 cikin 100 na aikin da aka yi, wato miliyan 1.2. Ke nan kana bin miliyan 3.8 yanzu, kafin a cire haraji, da miliyan 1.2 nan gaba. Da a ce miliyan 27 ka karɓa, kai ake bi miliyan 3, kuma gara ka san haka kana da rai.

Ga wanda zai karɓi aikin daga hannunka, ka rubuta abin da ido ba ya gani. Ranar da aka zuba dekin, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma kafinta mai sauri zai iya cire sandunan tallafi da wuri. Inda aka binne bututun ruwa da na waya. Canjin da injiniya ya yi da baki, taga da aka ƙara ko katanga da aka matsar. Irin wannan ƙarin aikin, in ba a rubuta an sa hannu ba, ba a biyan sa. Siminti kuma ba ya jira: bayan kamar wata uku a ajiye yakan fara dunƙulewa, da damina ma bai kai haka ba. Wanda ba za a yi amfani da shi ba a mayar wa dila a rage bashi.

Kuɗin kafin alƙalami fa? Na riga na sayi kaya da su.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin nan bashi ne har sai an gama cire su daga satifiket ɗin biya, takardar da ke tabbatar da aikin da aka yi domin a biya ka. A aikin gwamnati galibi ba a ba da su sai da takardar garanti ta banki ko kamfanin inshora. Idan aiki ya tsaya, ma'aikata za ta nemi kuɗinta wajen mai garanti, shi kuma ya juyo kan abin da ka jingina masa, wanda sau da yawa takardar gidan da iyalinka ke ciki ce. Ka ɗauko takardar garantin ka duba adadinta da wa'adinta da abin da ka ajiye. Idan an gama cire kuɗin, ka nemi wasiƙar sallama daga ma'aikatar, ka kai wa banki, ka karɓo takardar gidanka da hannunka.

Ina bin gwamnati kuɗi shekara da shekaru. Za a biya iyalina?

Haƙƙinsu ne, amma fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Kowane aiki ka haɗa masa jaka ɗaya: wasiƙar ba da kwangila, yarjejeniya, takardar ƙididdigar aiki, duk satifiket ɗin biya, takardar kammala aiki, da shaidar abin da ya shigo asusu. A bayan jakar ka rubuta lambar fayil da inda ya tsaya, ko yana ma'aikata, ko ofishin tantance kwangila, ko an yi bauca yana jiran baitulmali. Idan na ƙaramar hukuma ne, Kumo ko Bajoga ko Dukku, ka rubuta ofishin da ya riƙe shi. Sannan ka kai wakilinka da kanka ka gabatar da shi, da wasiƙa, a buga wa kwafinta hatimin karɓa.

Kada a manta da kuɗin riƙo. Ba a sakin su sai wa'adin gyara ya cika, wata shida ko shekara ɗaya gwargwadon yarjejeniya, kuma sai an rubuta an nema, an je an duba ginin. Iyalai da yawa ba su san da su ba. Wanda ya yi ajujuwa goma sha a shekaru biyar zai iya tarar da kuɗi masu kauri a nan.

Asusun da aka rubuta a kwangila, kada ka rufe shi. Idan banki ya ba ka rance da sharaɗin kuɗin aikin su bi ta wajensa, zai cire nasa kafin kowa, don haka a lissafi ka sa abin da zai rage kawai.

Rajistar sunan kasuwanci ce da ni. Ta bambanta da kamfani mai Ltd?

Ƙwarai. Sunan kasuwanci kai ne, riga kawai ka sa. Bashinsa bashinka ne, asusunsa yana tsayawa da rasuwarka, kuma jiha kake biya wa haraji. Idan babu sauran kuɗin da kake jira, ka sanar da CAC cewa ka daina. Idan akwai, ka bar shi a buɗe, iyali su shirya neman takardar kotu.

Kamfani mai Ltd mutum ne dabam a doka, ba ya mutuwa da mai shi. Sai dai dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ƙaramin kamfani damar zama da darakta ɗaya, wasu kuma sunan mata ko ƙane suka sa a takarda, wanda bai taɓa taka banki ba. Darakta ɗaya ya rasu, kamfani na nan da rai amma babu mai sa hannu. Maganinsa a naɗa darakta na biyu yanzu, a shigar da shi a CAC, a kai wa banki takardar shawarar daraktoci a ƙara shi cikin masu sa hannu, sannan a gwada fitar da ƙaramin kuɗi da sa hannunsa a ga ya wuce. Kafin nan a biya rahoton shekara-shekara da ya taru, domin shi ke tsayar da irin wannan canji a CAC.

A fahimtar da kowa cewa darakta ma'aikaci ne, ba magaji ba. Hannun jarinka gado ne na dukkan magada. Ka kuma tuna cewa in ka tsaya wa kamfani da kanka wajen cin bashin banki, Ltd ba zai kare gidanka ba.

Idan na ba ɗana takardar wakilci da katin ATM, ai shi ke nan?

Suna aiki muddin kana da rai. Wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta, a fiƙihu da a dokar ƙasa. Daga wannan lokaci kuɗin na magada ne da masu bin bashi. Ɗan da ya ci gaba da cira da katin, ko da niyyar alheri, ya taɓa haƙƙin marayu, kuma bayanan banki za su nuna rana da sa'a idan 'yan ɗakin amarya suka kai ƙara.

Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci ma bai sa mutum ya gaji asusu ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki zai nemi takardar shaidar rasuwa, ta asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Wannan kan ɗauki watanni, kuma ana biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar. Ka je bankinka ka tambayi ainihin takardun da suke karɓa, ka rubuta a littafi. Ƙananan asusun da ka buɗe saboda wani aiki a da, ka kwashe ka rufe su, domin kowane banki da nasa jeka-ka-dawo.

Wa zan fara biya?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na ɗan kwangila ya fi yawan lanƙwasa. Hadisi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma a Shari'a bayan kuɗin jana'iza bashi ake fara fitarwa, kafin wasiyya, kafin gado.

Ka fara da leburori da birkiloli da masu ɗaurin rodi. Kuɗinsu kaɗan ne, babu takarda, kuma su ne ba za su iya tsayawa gaban magada su yi magana ba. Ka biya su hannu da hannu ko ta waya, ba ta hannun fomman kaɗai ba, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ma'aikatan wata, direba da maigadi da magatakarda, dokar ƙwadago ta ba su wa'adin sallama: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ana iya biyan kuɗin wa'adin maimakonsa.

Sai amanar mutane: kuɗin da wani ya turo daga Legas ko Saudiyya a gina masa, zubin adashin da ka riga ka kwasa. Sai diloli. Kowane dila ya kawo littafinsa a gwada da naka, a amince kan adadi ɗaya, a sa hannu gaban shaidu biyu. Bayan rasuwa littafin dila ne kaɗai zai yi magana.

Rancen banki, ka tambaya ko an haɗa shi da inshorar rai. Wasu rancen suna da ita, kuma tana biyan ragowar idan an nema. Amma kada ka sayi sabuwar inshora ka ɓoye ciwon, ba za su biya ba. Zakkar da ta wuce ba ka fitar ba, ka lissafa ka fitar yanzu da hannunka. Harajin VAT na kashi 7.5 da ka karɓa daga mai aiki ba ka miƙa ba, shi ma ba naka ba ne.

Idan bashi ya fi dukiya, kada ka biya surukinka cif ka bar sauran. Ka tara su, ka buɗe musu littafi, a raba gwargwadon abin da kowa ke bi, ka nemi yafiyar ragowa a rubuce.

Kayan aiki, in sayar ko in bar wa 'ya'ya?

Idan babu wanda ke cikin sana'ar da gaske, ka sayar. Kai ka san kuɗin miksa da injin buga bulo, ka san wanda ke nema. Tifar da ta shekara a ƙofar gida ana jiran rabon gado, tayoyi sun zube, an cire batir da famfon mai, kuɗin ƙarfe za a saye ta. Cinikin majinyaci a kan farashin kasuwa ingantacce ne. A rubuta takardar sayarwa da lambar inji da ta shasi, a canza sunan mai mota. Ka kuma aika a karɓo abin da aka ara, janareta a wancan wuri, katakon dekin a wannan, ka mayar da na haya domin kuɗinsa na ƙirguwa kullum.

Zan iya ba matata gida, ko in ba babban ɗana kamfani, tun ina da rai?

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, wanda ke cikin ciwon da likitoci suka ce galibi yana kashewa ba ya da cikakken ikon yin kyauta. Idan ya rasu a cikin ciwon, kyautar tana ɗaukar hukuncin wasiyya: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba ta zuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Wakafi ma daga sulusi yake fita. Sayar wa ɗa tifar miliyan 20 a kan miliyan 5 ba ya tsallake wannan, rangwamen kyauta ne. Idan ka warke, kyautar ta tabbata.

Ga yadda lissafin yake. Dukiya miliyan 30, bashi miliyan 9, saura 21. Iyakar wasiyya miliyan 7, ga wanda ba ya gado: jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa alhali kana da wani ɗa namiji a raye, agola, yaron gida da ya shekara ashirin yana bin ka, masallaci ko makaranta. Idan ka yi wasiyya da duka miliyan 7 ɗin, miliyan 14 ne gado. Da yake akwai 'ya'ya, mata tumuni suke samu, miliyan 1.75, su raba a tsakaninsu ko su nawa ne.

Abin da na matarka ne tun asali ba kyauta ba ne. Sarƙarta da ka sayar ka biya kuɗin siminti, shanun gadonta da suka shiga aikin, ragowar sadaki, duk bashi ne. Sai dai furucin majinyaci cewa magaji na bin sa ana iya tuhumarsa, don haka a nemo shaida, rasit ko bayanin banki ko wanda ya kai sarƙar kasuwa, a rubuta gaban sauran magada. Haka kyautar da ka yi kana lafiya kuma aka karɓe ta a lokacin, a rubuta ranarta da shaidunta.

Idan akwai ƙananan yara, uba yana da ikon naɗa wasiyyi da zai kula da rabonsu. Ka tambayi mutumin tukuna. Ranar sa hannu a kan wasiyya, a samu shaidu biyu adilai da ba sa cikin masu amfana, a kuma karɓi 'yar takarda daga likita cewa kana cikin hayyacinka.

Wanda ba Musulmi ba fa?

Ɗan kwangila Kirista, a Billiri ko Kaltungo ko cikin gari, yana iya raba dukiyarsa ta wasiyyar doka. Ta zama a rubuce, ya sa hannu gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa. Shaida ko matarsa ba sa cin abin da aka ba su a ciki. Ya naɗa masu zartarwa, lauya ya ajiye kwafi a rajistar Babbar Kotu. Gonar dangi ba ta shiga.

Filaye da gonaki?

Kowanne ka rubuta takardar da yake da ita, ta gwamna ce, ta ƙaramar hukuma, ko ta mai unguwa. Dokar filaye ta 1978 ta ce miƙa fili mai takardar gwamna sai da amincewar gwamna, a Gombe kuma ta GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ake bi. Filin da ka saya yana nan da sunan mai shi na farko, a fara gyara shi. Ka ɗauki biyu daga cikin magada, daga ɗakuna dabam-dabam, a zagaya da su iyakoki a gaban maƙwabta. Filin da ka sayar ba ka ba da takarda ba, da wanda ka saya wa wani da sunanka, ka sallame su yanzu. Buhunan masara ko wake da ka ajiye a kasuwar Tudun Hatsi, da shanun da ke hannun makiyayi, su ma su shiga littafi da adadi da sunan mai riƙo.

Wayata fa?

Rabin ofishinka a cikinta yake: saƙon banki, lambobin sirri na shiga, hirar WhatsApp da injiniya ya amince da ƙarin aiki, asusun OPay ko Moniepoint da ko matarka ba ta san da shi ba. A buga muhimman hirarrakin a takarda a sa cikin jakar kowane aiki. Lambar buɗe waya da ta imel da ta shafin CAC a rubuta su a ambulan, a liƙe, a ba wasiyyi. A gaya wa iyali kada su ba yaro layin, kada kuma su jefa shi a durowa, domin layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba kamfani na karɓewa ya sayar wa wani. A riƙa sa masa kati ana kira da shi har sai kuɗin riƙo na ƙarshe sun shigo.